Ta iya tarawa da rabawa, amma lissafin labari yana kayar da ita. Ina gyaran yake?

Maman Nana

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Shawara nake nema a kan 'yata. Tana aji biyar na firamare, baɗi in Allah ya kai mu za ta zauna Common Entrance, jarrabawar shiga sakandare. In aka jera mata 348 da 275 aka ce ta tara, kafin a ƙifta ido ta gama. Ta haddace ninki tun daga gidan 2 har gidan 12, doguwar rabawa ma ba ta yi mata wuya. Amma da zarar an zuba lambobin cikin labari, sai ka rantse ba ita ba ce. Ga uku daga aikin gida na makon nan, na juya su zuwa Hausa, tare da abin da ta rubuta.

Na ɗaya: Ladi tana da naira 850. Ta fi Bilki da naira 200. Nawa Bilki take da shi? Ta rubuta 1,050.

Na biyu: Ɗalibai 130 za su yi tafiya. Kowace mota tana ɗaukar mutum 18. Mota nawa za a ɗauko? Ta rubuta "7 saura 4".

Na uku: Wata mata ta sari ƙwai kiret 5, kowane kiret naira 4,200. Guda 6 suka fashe a hanya, ta sayar da sauran naira 170 kowane ɗaya. Nawa ta ci riba? Ta rubuta 4,381. Sai daga baya na gane duk lambar da ta gani tarawa ta yi.

An ba ni shawarar in sa ta haddace wasu kalmomi: in ta ga "duka" ko "ya fi" ta tara, in ta ga "saura" ta ɗebe. Wannan hanya za ta ɓulle? In ba za ta ɓulle ba, me zan riƙa yi da ita da yamma? Don Allah a yi min dalla-dalla.

Malam Mai Alli

Wa alaikumus salam, Maman Nana. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Kin kyauta da kika kawo amsoshinta yadda suke, domin a cikinsu ciwon yake nuna kansa. Kuma ba ciwo ɗaya ba ne.

Ki fara da gano inda take tuntuɓe. Wata malama 'yar Ostireliya, Anne Newman, ta tsara hanyar yin haka a 1977, har yau ana aiki da ita. Duk yaron da zai warware lissafin labari sai ya ƙetare matakai biyar: ya karanta, ya gane abin da ake nema, ya mayar da labarin lissafi, ya yi lissafin, sannan ya rubuta amsar da ta dace da tambayar. Ki zaunar da ita da tambaya guda ɗaya tak. Ki ce ta karanta miki da ƙarfi. Sannan ta rufe littafin ta ba ki labarin da Hausa, da bakinta. Sannan ki tambaye ta, me ake so ki nemo? Ta yaya za ki nemo shi? Daga ƙarshe ki ce ta yi ki gani, tana faɗin abin da take yi. Kada ki gyara mata komai a wannan zaman, kada ma fuskarki ta nuna ta yi daidai ko ta kauce. Inda ta fara cijewa, nan aikinki yake.

Ki sa ido sosai a mataki na biyu. Littafinta da Turanci yake, jarrabawar Common Entrance da hukumar NECO ke shiryawa ma da Turanci take. Yaro zai iya zubo Turanci tiryan-tiryan bai san me ya karanta ba. Gwajin mai sauƙi ne: ki faɗa mata tambayar da baki, da Hausa, ba takarda. In ta amsa daidai, harshe ne ya tare ta, lissafinta lafiya lau. In da Hausar ma ta kauce, to ganin yadda lambobin suke da juna ne bai zauna ba.

Maganar haddace kalmomi kuwa, ki bar ta. Ai ita ce ta kayar da ita a tambayar farko. Ta ga "ta fi", ta ga 850 da 200, ta tara. Alhali wadda ta fi ɗin ita ce aka riga aka ba da kuɗinta, wadda aka fi ake nema. Kalma ɗaya tana iya kai mutum ga tarawa yau, gobe ta kai shi ga ɗebewa. Dubi "saura": "Audu ya ci dabino 7, saura 5. Nawa yake da shi tun farko?" Ga "saura" a fili, amma tarawa za a yi, 12. Yaron da aka horar da farautar kalma yana daina karanta labari, sai dai ya leƙa ya tsinci lamba biyu da kalma ɗaya. Zai ci tambayoyin aji biyu da na aji uku da wannan dabara, aji biyar ta watsa masa ƙasa a ido.

Abin da ya fi shi ne zane. Ba zanen mutum da kuɗi a hannu ba, zanen sanduna, wanda makarantun Singafo suka yi fice da shi tun farkon shekarun 1980. Kafin ta taɓa kowace lamba, ki yi mata tambaya ɗaya: wa ya fi yawa? Ta ce Ladi. To ta ja wa Ladi doguwar sanda, ta ja wa Bilki gajera a ƙarƙashinta, su fara daga wuri ɗaya a hagu.

Ladi:  |——————————|———|
Bilki: |——————————|

Yanzu ta ɗora lambobin. 850 na wace sanda ce? Ta Ladi, daga farko har ƙarshe. 200 fa? Ɗan guntun nan da ya zarce. Alamar tambaya a kan ta Bilki. Da ta kalli zanen za ta ga 1,050 ba shi da wurin zama, domin gajerar sanda ba za ta fi doguwa ba. Amsa 650. Sai ta mayar da amsar cikin labarin: Ladi 850, Bilki 650, Ladi ta fi ta da 200? E. Wannan mayarwa ita ce tantancewa ta gaskiya, ba sake ɗebewa ba.

Zanen nan yana ɗaukar kaya masu nauyi fiye da haka. Awaki da tumaki 46 ne a garke, awaki sun fi tumaki da 8, tumaki nawa ne? Yara da yawa za su raba 46 biyu su sami 23, daga nan su rikice. A zane kuwa: sanda biyu, ta awaki ta zarce da 8. A yanke zarcen, saura 38, sanduna sun zama daidai wa daida. A raba biyu, 19. Tumaki 19, awaki 27, in aka haɗa 46.

Abu na ƙarshe da zan ƙara. Yawancin tambayoyin da ake ba yara a ƙananan azuzuwa, abin da ba a sani ba a ƙarshen labari yake: yana da 8, aka ƙara masa 5, nawa ke nan? Ki ɗauki lambobi uku, 8 da 5 da 13, ki riƙa matsar da ramin. Yana da 8, aka ƙara masa wasu, suka zama 13. Yana da wasu, aka ƙara masa 5, suka zama 13. Yana da wasu, ya bayar da 5, saura 8. Ƙananan lambobi da gangan, don kada nauyin lissafi ya ɗauke mata hankali daga tsarin labarin. Wanda ramin yake a farko shi ya fi wuya, a kansa za ki fi daɗewa.

Malama Aji Shida

Maman Nana, sannu da ƙoƙari 'yar uwa. Malam ya gama da ta farko, bari in ɗauki ta biyu da ta uku.

A ta biyu yarinyarki ba ta yi kuskuren lissafi ba. 18 sau 7 ya ba da 126, saura 4, haka yake. Ta dai tsaya ne a bakin ƙofa. Rabawa ta ba ta lambobi biyu, labarin ne zai gaya mata yadda za ta yi da su. Ki tambaye ta kawai: waɗannan huɗun, a tasha za a bar su? Amsa mota 8.

Kada ki ɗauka ita kaɗai ce. A farkon shekarun 1980 an yi wa 'yan shekara 13 a Amurka irin wannan tambaya a wani gwaji na ƙasa baki ɗaya: sojoji 1,128, kowace bas tana ɗaukar 36. Kusan kashi 70 cikin ɗari sun yi rabawar daidai, amma kashi 23 ne kawai suka ce bas 32. Kashi 29 sun rubuta "31 saura 12", irin amsar Nana sak.

Maganinsa shi ne ki riƙe lissafin wuri ɗaya, ki riƙa sauya tambayar. Da 130 da 18 ɗin nan: mota nawa za a ɗauko? 8. Mota nawa za su cika maƙil? 7. Mutum nawa ne a motar ƙarshe? 4. Kujera nawa za ta zauna ba kowa? 14. Rabawa ɗaya, amsa huɗu. Sannan ki kawo inda saura yake rabuwa: yadi 13 tsakanin mutum 2, kowa yadi 6 da rabi, domin yadi yana yankuwa. Ƙwai 130 a zuba a kiret mai cin 30, kiret nawa za a kai kasuwa cikakku? 4, goman da suka rage a ajiye. Ta saba da tambayar kanta: abin nan da ya rage, a ƙara masa ɗaya, a bar shi, ko a yanka shi?

Ta uku ita ce babba, domin matakai biyar ne a dunƙule, kuma akwai lambar da ba a rubuta ba. Yaron da bai ga hanya ba yakan tara komai don kada ya bar takarda fayau. Abu na farko da zai hana wannan: kowace lamba ta zo da sunanta. Kada ta rubuta 5, ta rubuta kiret 5. Naira 4,200. Ƙwai 6. Naira 170. Sai ki ce, in an tara kiret da naira da ƙwai, me za a samu? Ita da kanta za ta ga babu abin da ake kira haka.

Na biyu, ta fara daga tambayar ta koma baya. Me ake nema? Riba. Me ake bukata kafin a san riba? Kuɗin da aka samu da uwar kuɗi. Mun san uwar kuɗi? Ba a faɗa ba, amma za mu iya nemowa. Mun san kuɗin da aka samu? Sai mun san ƙwai nawa aka sayar. Mun san su? Sai mun san ƙwai nawa ne duka. Nan ne za ta ci karo da ɓoyayyar lambar: kiret ɗaya ƙwai 30 ne. Daga nan sai ta juyo ta gangaro, kowane layi da sunansa:

Uwar kuɗi: 5 × 4,200 = naira 21,000
Ƙwai duka: 5 × 30 = 150
Waɗanda aka sayar: 150 − 6 = 144
Kuɗin da aka samu: 144 × 170 = naira 24,480
Riba: 24,480 − 21,000 = naira 3,480

Akwai wani rami a nan da yara masu kaifin kai suke faɗawa, ya kamata ki san shi. Sai yaro ya ce ƙwai ɗaya ya kama naira 140 a sari, tunda 4,200 a raba 30 ya ba da 140. An sayar 170, ribar kowane 30. Sai ya ninka 144 da 30 ya sami 4,320, ya ce ita ce riba. Tunanin yana da kyau, amma ya manta shidan da suka fashe ba kyauta aka ba ta ba. Ta biya 140 a kan kowane, 840 ke nan. A cire 840 daga 4,320, a dawo kan 3,480. In yaro ya bi wannan hanya, kada a ce masa bai iya ba, a tambaye shi wa ya biya kuɗin fasassun. Kuma hanya biyu da suka haɗu a amsa ɗaya sun fi kowace irin dubawa.

Ɓoyayyun lambobin nan ki rubuta mata su a kwali ki manna a bango: dozin 12, kiret 30, awa minti 60, mako kwana 7, kilo giram 1,000, mita santimita 100, lita mililita 1,000, naira kwabo 100. Mudu da tiya kada su shiga wannan kwali, domin awonsu yana bin kasuwa. In tambaya ta kawo su, ita za ta faɗi nawa suke ci.

Sai kintace kafin a fara. Kafin ta ɗora biro, ta ce amsar za ta kai kaza, ba za ta wuce kaza ba. A tambayar Ladi da ta ce "ƙasa da 850", da ta kama kanta.

Mushe daga Maraɗi

Gaisuwa ga Hajiya Maman Nana da malamai. Wannan matsala har nan Nijar tana nan, sai dai mu da Faransanci take zuwa, a azuzuwan CM1 da CM2, wato aji biyar da aji shida na firamare. Kuma muna da wani ƙarin da zai nuna muku cewa sau da yawa ba kan yaron ne ya gaza ba.

A kasuwa da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Abin da littafi ya kira 100, yaro ya san shi da dala ashirin. 500 dala ɗari ce, 1,000 jikka. To a ce masa: an ba ka 500, ka sayi burodi biyu, kowane 150, nawa canjinka? Yaron da ake aike kullum zai lissafa a ka: dala ɗari, a cire talatin sau biyu, saura arba'in. Daidai ne ƙwarai. Sai ya rubuta 40 a takarda, a ja masa jan biro, domin 200 ake nema. Mafi muni shi ne wanda ya gauraya biyun, ya cire dala sittin daga 500 ya sami 440. Gyaran: layi biyu a gefen takarda, ɗaya dala ɗaya sefa, ya zaɓi ɗaya ya yi dukan lissafin a cikinsa, in da dala ya yi ya ninka da 5 a ƙarshe. Ba a hana shi lissafin kasuwa, ana gina masa gada ne.

Ku a Najeriya ba ku da wannan, amma faɗin lamba da Hausa yana da nasa tarko da ya shafe mu duka. Tunda an ce Hajiya ta riƙa karanta tambaya da baki, ta kula. "Ɗari biyu da biyar", yara da dama 2005 suke rubutawa, sun rubuta 200 sun liƙa 5. "Dubu ɗari da hamsin" a bakin mutane 150,000 ne, mai nufin 100,050 sai ya ce "da guda hamsin". Duk lambar da aka faɗa, yarinya ta rubuta ta nuna kafin ta ci gaba.

Game da tara duk abin da aka gani, akwai gwajin da aka yi a Grenoble ta ƙasar Faransa wajen 1980. Aka ce wa 'yan firamare: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Mafi yawansu suka ba da amsa, da yawa suka ce 36. Yaran ba wawaye ba ne. Makaranta ce ta koya musu cewa kowace tambaya tana da amsa, kuma kowace lamba sai an yi aiki da ita. Hanyoyi uku ne suke karya wannan ɗabi'a, na biyun ya fi ƙarfi a ganina.

A riƙa cusa lambar da ba ta da aiki: mai shago ɗan shekara 45 ya sayar da sabulu 6, kowane 250. Ta ja layi a kan 45 ta faɗi dalili. Lokaci-lokaci kuma a ba ta tambayar da ba ta amsuwa, a yaba mata in ta ce bayani bai cika ba, ta faɗi abin da ya rage.

A ba ta labari babu lamba ko ɗaya. "Wata mata ta sari ƙwai, wasu suka fashe, ta sayar da sauran. Me kike bukatar sani kafin ki gane ko ta ci riba?" Tunda babu abin tarawa, dole ta yi tunani a kan labarin. In ta lissafo abubuwan da take bukata, sai a riƙa ba ta lambobin ɗaya bayan ɗaya, wanda ta nema shi za a ba ta.

Sannan a juya aikin: a rubuta mata 60 ÷ 8, ta ƙirƙiro labarin da amsarsa 8 ce, da wani wanda amsarsa 7 ce. Yaron da ya iya wannan ya gama da matsalar saura.

Maman Nana

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira. Na gwada jiya. Da na faɗa mata ta motar da Hausa, nan take ta ce sai an ƙaro mota. Ta Ladi kuwa ko da Hausa sai da muka zana. Tambayata biyu: zanen nan yana cin lokaci, ba zai cuce ta a ɗakin jarrabawa ba? Kuma tambaya nawa ya kamata mu yi a rana?

Tsohon Hedimasta

'Yata, abin da kika gani jiya ya raba miki aikin gida biyu. Ta motar harshe ne da rashin komawa ga labari. Ta Ladi tsarin kwatanci ne bai zauna ba, wannan zane yake so.

Kada lokaci ya dame ki yanzu. Zanen na koyo ne. Da farko zai ci minti uku ko huɗu, in hannu ya saba layi biyu ne da ake ja cikin daƙiƙa kaɗan a gefen takarda, daga baya ma a ka za ta riƙa ganinsa. Kada dai ta ɗauko rula tana auna tsawo, abin da ake so kawai doguwa ta fi gajera. Sauri a bar shi sai zangon ƙarshe kafin jarrabawa. Kuma ki sani, tambayoyin zaɓi ne, masu shirya irinsu kuwa sukan jera amsar kuskuren da aka saba yi cikin zaɓin. Mai gaggawa zai ga 1,050 tana jiransa, ya ɗauka ya dace.

A rana tambaya uku sun isa, minti ashirin zuwa talatin. Uku da aka tattauna sun fi ashirin da aka yi a guje. Amma ki gauraya su. Littattafai sukan jera tambayoyin ninkawa goma a ƙarƙashin babin ninkawa, yaro ya ninka duka ba tare da ya karanta ba, ya ci goma bisa goma. Ki tsinto ɗaya daga wannan babi, ɗaya daga wancan, ki kwafe a takarda daban yadda ba za ta san daga ina suka fito ba.

Wuri ɗaya zan ɗan ja da Malam Mai Alli, da girmamawa. Gaskiya ne kada a haddace kalma a matsayin umarnin tarawa ko ɗebewa. Amma ma'anar kalmomin dole a koyar da ita, tunda da Turanci za a tambaye ta. Ta buɗe shafi a bayan littafinta, duk kalmar da ta tare ta, irin su "profit", "remainder", "each", "twice", "difference", ta rubuta ma'anarta da Hausa da jimla guda ta misali. Ma'ana za ta rubuta, ba alamar lissafi ba.

Ga wasu iri huɗu da za su zo mata a aji shida, gara ki san inda suke kayar da yara tun yanzu.

Lokaci. Mota ta tashi daga Kano ƙarfe 9:45 na safe, ta isa Zariya 12:20. Awa nawa ta yi? Yaro zai jera 1220 da 945 ya ɗebe, ya sami 275, ya rubuta awa 2 da minti 75. Dalili: ya ara 100 a inda awa take da 60. Ta bar ɗebewa, ta taka a kan layi: daga 9:45 zuwa 10:00 minti 15, zuwa 12:00 awa 2, zuwa 12:20 minti 20. Awa 2 da minti 35.

Neman na ɗaya tukuna. Littafin rubutu 4 naira 1,400, guda 7 nawa? A nemo kuɗin ɗaya, 350, a ninka da 7, naira 2,450. Wannan ba wuya. Wuyar tana ga ɗan uwansa mai tafiya a juye: 'yan ƙwadago 6 suna nome gona cikin kwana 10, mutum 12 kwana nawa za su yi? Wanda ya saba da na littafi zai ce 20. Tambayar da za ta fara yi wa kanta: in hannu ya ƙaru, kwanaki ƙaruwa za su yi ko raguwa? Aikin duka na kwana 60 ne ga mutum ɗaya, 6 sau 10. A raba wa 12, kwana 5. A raba wa 4, kwana 15.

Kashi na abin da ya rage. Salisu yana da naira 6,000. Ya kashe kashi ɗaya cikin uku a takalmi, sannan kashi ɗaya cikin huɗu na sauran a littattafai. Nawa ya rage? Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki ɗaya cikin huɗu na 6,000, wato 1,500, a ƙare da 2,500. Kalmar "na sauran" ce aka tsallake. A zana sanda, a yanka uku, kowane yanki 2,000, a soke ɗaya. Abin da ya rage, 4,000, shi ne sabuwar sanda. A yanka ta huɗu, a soke ɗaya, saura 3,000. Duk inda ta ga kashi, ta tambaya: kashi na me?

Sai na dashe. Za a dasa bishiyar darbejiya a gefen hanya mai tsawon mita 40, tsakanin kowace da ta gaba mita 5, har da farkon hanya da ƙarshenta. Rabawa za ta ba da 8, amma 8 ɗin tazara ce, bishiyoyi 9 ne. Kada ki gaya mata dokar. Ki ce ta buɗe tafin hannunta ta ƙirga yatsu, sannan ta ƙirga ramukan da ke tsakaninsu: biyar da huɗu. Daga nan ki ba ta tsakuwa ta jera a tsakar gida, taku biyar-biyar, har taku arba'in, ta ƙirga da kanta. In ta samu tara, ki ce to yanzu a kewaye rijiya da su, zagayen taku arba'in, ki bar ta ta gano dalilin da ya sa wannan karon takwas suka isa.